Tukunyar Zara'u da Shanun Bube

Maroko, 10 ga Satumba

Zuwa ga Imrana ɗan Kawu, sarkin malalatan Gidan Tanko,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Munira da yara da duk mutanen gida. Ni lafiyata ƙalau, in ban da mura da ta riƙe ni sati guda. Inna ta kira ni daga Tasawa, ta ce ka kai mata sabon wake, wai in gode maka. Na ce ba a gode wa taubashi, wataƙila ma a gonar wani ka tsinko shi.

Ka ce in daina turo maka murya, in rubuta a takarda in ɗauki hotonta, don salular Cha'ibu kake ara a rumfarsa kuma kowa na jin abin da na faɗa. To ga takarda. Ka kuma ce shekara uku ina ƙasar mutane, har yau ba wanda ya san abin da nake dafawa. Buɗe kunnenka da kyau.

Takin zamanin da kuke saye a buhu, asalinsa iska ne. Ana ɗauko wani sashe daga iskar da muke shaƙa, a ɗauko wani daga ruwa, a tura su cikin tukunyar ƙarfe mai zafin da ya ninka na tafasasshen ruwa sau huɗu. A cikin tukunyar akwai wani garin ƙarfe, katalizar muke ce masa. Aikinsa kamar na kanwa ne a tukunyar wake, yana sa abu ya nuna da wuri, sai dai shi ba ya narkewa. Manyan masana'antu gas suke ƙonawa, shi ya sa buhu ke iso muku daga nesa da tsada. Mu kuwa mun zura wayoyin ƙarfe cikin tukunyar, mun shafe su da garin nan, mun haɗa su da pano, faifan nan mai kama hasken rana, irin na rufin rumfar Cha'ibu, amma masu yawa. Rana na fitowa kuran, wato lantarki, ya bi waya, waya ta yi zafi, tukunya ta kama aiki. Ba gas, ba itace, ba hayaƙi. Tamu ba ta fi tulu biyu girma ba.

Masu furoje, wato masu ɗaukar nauyin aikin, suna maganar kai irinta ɗaya Tasawa a gwada. Saboda haka ka gaya wa tsohon nan Bube, da ke sauke garkensa a gonarku kowane rani tun Kawu na da rai, ya sallami shanunsa su je su huta, kwanan nan kashinsu zai rasa mai so. Ni Zara'u zan zubo maka taki daga sama kana kwance gindin gawo yadda ka saba.

Ka gaishe da Munira, ka ce ina mata sannu da haƙuri da kai.

Uwar ɗakinka ko ka ƙi,
Zara'u

*

Gidan Tanko, ta Sarkin Hausa, 2 ga Nuwamba

Zuwa ga Zara'u ɗiyar Gwaggo, mai dafa iska,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Zazzaɓi ya zagaya yara a ƙarshen damina, ya wuce. Mun gama girbi, babbar gona ta ba da dami tamanin da huɗu, alhamdu lillahi. Malalacin da kike faɗa ne ya ɗaure su da hannunsa.

Na yi abin da na hana ki. Takardarki ta yi mini daɗi har na kasa riƙe ta a ciki, na karanta ta da ƙarfi a rumfar Cha'ibu ranar kasuwa, tun daga kanwa har zuwa shanun Bube. Aka yi ta dariya. Cha'ibu ya ce, "Wallai ni hwa na san ɗiyan nan ba ta zama banza, tun tana karatu a lakwal kanta ya hi na mushe mai koya musu." Wani tsoho ya ce ƙarya ce, iska ba ta zama taki. Kwana tara bayan haka masu zuwa Tasawa suka dawo da labarin sun ga farar mota da mutum biyu suna awon fili a bakin hanya. Daga ranar tsohon ya bar musu. Ni kuwa yanzu ko'ina na bi sai a ce ga ɗan'uwan injiniya, kuma ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura.

Kin daɗe da barin ƙauye, bari in tuna miki yadda muke yi da Bube. In an gama girbi, kafin hukuma ta saki gonaki don kiwo, mai gona ke aika wa makiyayi goro ashirin da ƙullin gishiri. In ya karɓa ya ɗauki alkawari: zai sauka a gonar har faɗuwar ruwa, shanu su ci kara, su sha rijiyarmu, su bar mana taki, mu kuma mu ba shi dami goma. Kakanmu ya yi haka da uban Bube, Baba ya yi da Bube, ni ma shekara bakwai ina yi. Bana ban aika ba tukuna. Baki goma sha ɗaya ke ci a gidan nan, dami goma abincin wata ne da ɗoriya. Na ce bari in ji daga bakin injiniya tukun.

Munira na gaishe ki, ta ce haƙurin nata ya kusa ƙarewa.

Ubangidanki na gaskiya,
Imrana

*

Maroko, 20 ga Nuwamba

Imrana,

Ina fatan kowa lafiya. A tsaye nake rubuta maka, aiki ya sha mana kai. Sanyi ya shigo da gizagizai, tukunya na zafi tana hucewa sau goma a yini, shugabanmu kuma sai tsaki yake.

Dami tamanin da huɗu! Na san Munira ce ta nome su. Ka karanta takardata a kasuwa? To ka kyauta, gobe sai ka hau kan jaki ka yi shela. Goron Bube kuwa ka riƙe abinka ka cinye, daman haƙoranka sun riga sun yi ja, kuma rowa ba yau ka fara ta ba. Tun muna yara kake ɓoye ƙuli-ƙuli a hula.

Sai na samu sarari.

Zara'u

*

Gidan Tanko, 8 ga Janairu

Zara'u,

Muna lafiya, ina fatan kema haka. Gwaggo na fama da ƙafa amma tana takawa. Wannan takarda ba ta wasa ba ce, ki karanta ta a zaune.

An saki gonaki tun sati uku. Na bi maganarki, ban aika goro ba. A raina na ce Bube zai zo ya tambaya, in ya zo sai mu daidaita a kan dami biyar. Na manta da wanda nake hulɗa da shi. Mutumin da ko ruwa ba ya roƙo a gidan da bai saba ba, shi zai zo ya ce ina gorona?

Ranar Laraba da hantsi ina bakin rijiya sai ga garkensa ya ɓullo daga arewa, ta hanyar Issawane. Shanun suka karkato da kansu za su shiga gonarmu, don sun san wurin. Na ga Bube ya sha gabansu da sanda yana mai da su kan burtali. Jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho sau uku tana juyowa yana kore ta. Matarsa na bisa jaki da kayansu, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ya tsaya daga nesa ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Sannan ya ce, "Mun ji an ce gonakka ta samu taki daga sama. Allah shi sa albarka." Ashe maganar rumfa ta kai masa tun watan jiya, har da cewa kashin shanunsa ya rasa mai so.

Zara'u, da na buɗe baki na ce wasan taubasai ne, da ya sauke kaya. Amma mutum ya fi goma a bakin rijiyar, Cha'ibu na ciki, duk waɗanda na yi wa burga ne. Na ce amin. Ya ɗaga sanda ya bi shanunsa, suka yi kudu. Tun ranar abinci ba ya mini daɗi.

Yanzu gona na nan fayau, awakin gari na cinye karan a banza. Ki gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah: wane wata injinku zai iso Tasawa? Buhu nawa zan samu? Ana zuba shi kafin shuka ko bayan tsiro? Ina son in san abin da zan shirya.

Ɗan'uwanki,
Imrana

*

Maroko, 19 ga Maris

Ɗan Kawu,

Ina gaishe ka da azumi, ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya. Takardarka ta iso ni tun Janairu, na karanta ta ya fi sau ashirin. Kunya ce ta hana ni amsawa, ba aiki ba, kuma na san shiruna ya ƙara ɓata abin.

Wallahi na ɗauka tsokanata kake da ka ce ba ka aika goro ba. Da a gabana ka faɗa, da na gani a fuskarka. Mu da ba mu taɓa gaya wa juna magana madaidaiciya ba tun muna wasan ƙasa, ban san takarda za ta cire dariyar ta bar maganar tsirara ba. Laifina ne. Bube ya sha ɗora ni kan jakinsa, matarsa ta sha ba ni nono kyauta, na saka musu da wannan.

Ga gaskiyar da ka nema. Tukunyarmu ta lalace tun Disamba. Rana ba ta tsayawa wuri ɗaya kamar wutar gas: gajimare ya gifta waya ta huce, ya wuce ta sake zafi, da yamma ta mutu, da safe a tashe ta. Wannan kumburi da motsewa ya sa garin da muka shafa ya tsattsage ya zube kamar yaɓen da aka yi da rani. Da muka buɗe, tsakin baƙin ƙarfe muka kwashe a gindinta. Aikin shekara biyu ke nan.

Masu furoje sun ɗage zuwa Tasawa, ba su sa rana ba. Filin da aka auna ban ma san ko namu ba ne. Kuma ko da komai ya tafi daidai, abin da tukunya ɗaya za ta fitar a shekara na gonakin gwaji ne, ba na rabawa ba. Ba buhu ko ɗaya da zai zo maka bana, baɗi ma ban sani ba. Na san haka tun ranar da na rubuta maka wasan nan, ina son ka yi alfahari da ni ne kawai.

Don girman Allah ka nemi Bube. Ka kai goron da ƙafarka, ka ce ni ce na yi ɓaranɓaramar, ka karanta masa wannan in kana so. Ko wata biyu shanu suka kwana a gonar ai ya fi babu.

Ka yafe mini.

Zara'u

*

Gidan Tanko, 23 ga Yuni

Zara'u,

Muna nan da rai. Ruwa ya sauka, mun yi shuka sati biyu da suka wuce. Gwaggo ta ce ba ki kiranta kamar da, ki kira ta, ita ba ta yi miki komai ba.

Na yi fushi da ke, fushin da ban taɓa yi da wani ba. Wata guda ko rumfar Cha'ibu ban taka ba. Daga baya na zauna na duba, ke kin yi wasa, ni ne na hango hadari na yi wanka da kashi. Ba ke kika ce amin a bakin rijiya ba.

Bayan Salla na ɗauki hayar mashin na bi sawunsa. Kwana huɗu ina yawo. Abin da ban lissafa ba shi ne, kowace gona a yankinmu da makiyayinta, kowace rijiya da masu ita. Wanda mai masaukinsa ya sake shi a watan Janairu ba shi da wurin shayarwa. An ce ya kwana biyu nan, uku can, ana ba shi ruwa don kunya, har ya wuce Tasawa, ya wuce Gazawa. A wata kasuwa wani Bafillace ya dube ni ya ce, "Kai ne mai taki daga sama?" Shi ya gaya mini Bube ya gangara dajin bakin iyaka, inda ko masu ƙarfi ba sa kai dabba yanzu saboda 'yan bindiga. Daga nan mai mashin ya ce ba ya ƙara gaba. Goron ya bushe a aljihuna.

Na kwashe jujin gida da amalanke na zuba, bai rufe ko kashi ɗaya cikin biyar na gonar ba. Na samo takin buhu tiya uku, muna tsunkula a rami kamar masu sa gishiri a miya. Hatsi ya tsiro, amma siriri ne, ganyen na ɗaukar rawaya tun yanzu.

Ba wanda ya san inda Bube yake. Ki sa shi a addu'a kafin ki sa gonar.

Imrana

*

Maroko, 15 ga Satumba

Ɗan Kawu,

Ina gaishe ku, ina fatan damina ta zo da sauƙi. Ina kiran Inna kowace Juma'a yanzu.

Akwai labarin da ya kamata in yi murna da shi. Mun sake tukunyar. Mun canza yadda garin ke kama waya, mun kuma kewaye ta da tubali mai riƙe zafi, yadda ko gajimare ya zo ba ta hucewa farat ɗaya. Yau kwananta arba'in tana aiki da rana kaɗai, ba ta tsage ba. Abokan aikina sun yanka rago. Na zauna cikinsu hankalina na kan gonarku.

Ba na yi maka alkawarin komai, na daina. Wata uku ban ji daga gare ka ba. Yaya hatsin? An ji ɗuriyar Bube? Ko layi ɗaya ne ka rubuto, ko zagi ne.

'Yar'uwarka,
Zara'u

*

Gidan Tanko, 29 ga Disamba

Zara'u ɗiyar Gwaggo,

Bayan gaisuwa, muna lafiya gwargwado. Ina taya ki murnar tukunya, da zuciya ɗaya. Ki ci gaba, wata rana za ta amfani wani.

Ƙuduji ya cinye gonar. Tun watan takwas ta yi shuɗi-shuɗi da furensa, masu wucewa na cewa kyau, mai gona na kuka. Dami talatin da ɗaya muka ɗaure. Munira ta fara auna hatsin daka tun yanzu, tuwo sau ɗaya a yini.

Na ga Bube. A kasuwar dabbobi ta Mayahi na same shi watan jiya, yana riƙe wa wani dillali igiyar bijimi. Da ƙyar na gane shi. Hannunsa na hagu ya karye ya ɗore a karkace. Ba shi ya ba ni labari ba, dillalin ne: a watan Afrilu, da rana tsaka, a bakin wani tafki, mutane bisa mashina suka kora garken gaba ɗaya. Ya riƙe igiyar jar saniyar, suka sa gindin bindiga suka karya hannun. Na tambaye shi ko akwai abin da ya rage. Kin san su ba sa ƙidaya shanu a baki. Ya ce, "Akwai lahiya."

Ban san abin da zan yi ba, Zara'u. Na je na sayi goro ashirin da gishiri na durƙusa gabansa cikin kasuwa, mutane na kallo. Nufina neman gafara. Ya daɗe yana duban ƙullin, sannan ya karɓa ya sa a aljihu.

Ranar da aka saki gonaki sai ga shi da matarsa da jakin, ba ko akuya. Suka kafa bukka gindin gawo, inda suke kafawa kullum. Na ce to, ko ba komai sun samu wurin zama, na kai musu dami biyar. Washegari da sassafe na fito na hango shi a kan burtali da tsohon kwano, yana tsintar kashin shanun mutane da hannu ɗaya. In kwanon ya cika matarsa ta aza masa a ka, ya kawo gonarmu ya juye, ya koma. Mutumin da ya haura sittin, wanda garkensa ke rufe gonar nan har ba a ganin ƙasa.

Na ruga na riƙe kwanon, na ce, "Baba Bube, don Allah ka bari. Ba don wanga na kai ma goro ba."

Ya ce, "Ni ban san wani goro ba in ba wanga ba. Na amsa, gona na bina taki. Sakam mini kwano, Imrana, rana na yi."

Na sake masa. Na roƙi liman ya yi masa magana, na roƙi maigari, duk ya saurare su da ladabi ya koma burtali. Ya ce in na hana shi zai mai da dami biyar ɗin ya tashi, kuma na san zai yi, ba shi kuwa da inda za shi.

Yau kwana goma sha takwas ke nan. Na ɗauki kwandon Munira, kowace safiya ina bin bayansa. Yana tsinta ina tsinta, mu juye mu koma. Yana amsa gaisuwata, yana tambayar yara da sunansu, daga nan ba ya ƙara ce mini komai har rana ta take. Jiya na auna da ƙafa, abin da muka rufe bai kai taku arba'in ba daga gindin gawon.

Ki gaishe da abokan aikinki. Zan tsaya nan, gari ya waye, na ji Bube ya fita.

Ɗan'uwanki,
Imrana